Rumfar da Aka Kafa wa Malam Shaibu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina ƙofar gida ina shirin wucewa lakwal, wato makarantar boko, wayata ta yi ƙara. Sunan Malam Shaibu na gani, har na fara dariya tun ban ɗauka ba, don na san tsiyar da zai ja ni da ita. Sai na ji muryar mace. Matarsa ce, Barira. Ta ce, "Malam Lawali, abokinka ya tahi."

Na ce ya tafi ina?

Wallahi haka na tambaye ta, kamar wani sakarai.

Ya rasu da asuba a kan amalanke, a hanyar kai shi likita. Maciji ne ya sare shi tun ranar Talata, yana jan damin karan da zai gina aji da shi.

Yanzun nan na dawo Tasawa daga ƙauyen. Ƙasar kabarinsa tana nan cikin farcena. Na kasa ci, na kasa zama, kuma idan ban rubuta wannan ba ji nake ƙirjina zai tsage. Wanda tsawon zai gundura ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Shaibu malamin lakwal ne, ɗan kwantaragi kamar ni, a wani ƙaramin ƙauye bayan Korgom. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ban zo tona asirin kowa ba. Shi kaɗai ne malami a can. Shi ne dirakta, shi ne malamin manya, shi ne na ƙanana, shi ne mai gadi. Idan za a raba gidan sauro shi ake nema. Idan takarda ta zo daga gari shi zai karanta. Ko wayar wani ce ta ƙi kunnuwa, sai ka ji an ce a kai wa malam.

Kuma shi ne magini.

Ku da kuka yi karatu cikin siminti da kwano, da wuya ku gane wannan. Ajinsa na kara ne, kuma kowace shekara sai an sake shi tun daga ƙasa. Da bazara awaki da jakuna su cinye bangon, gara ta ci dirkoki, abin da ya yi saura damina ta kwashe. Yakan ce duk ƙasar nan shi kaɗai ne ma'aikacin da jaki ke cinye wa wurin aiki. Yana faɗa muna dariya. Yau na tuna maganar, dariyar ta ƙi zuwa.

Na san shi a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune, inda aka fara tura ni aiki. Na sauka daga kabu-kabu da jaka ɗaya da takalmi mai sheƙi, ina ta waige-waigen inda lakwal take. Wani dogo da tsohuwar hula ya taso daga gindin itace ya karɓi jakata, ya dubi takalmin ya ce, "Ɗan birni, wanga takalmi a ajiye shi sai Sallah."

Tun ranar bai sake kirana da sunana ba sai in maganar ta yi nauyi.

Gadonsa ya bar mini, shi ya koma tabarma, wai bayansa ya fi son ƙasa. Na daɗe kafin na gane ƙarya yake yi.

Shi ya koya mini cewa ba a shiga gari a fara da kiran sunayen yara, sai an je an gaida maigari da liman da tsofaffin matan da ke bakin rijiya. Ya ce in tsohuwa ta ƙi ka, jikanta ba zai zauna ajinka ba.

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Mayahi, ya haɗa ajina da nasa ya riƙe har na dawo, bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai taɓa yi mini gori ba. Da ta rasu, shi ya fara shiga kabarin ya karɓe ta.

Duk ranar Alhamis yakan jera ƙananan yara ya yanke musu farce da kansa. Na ce masa wannan kuma a wane darasi yake? Ya ce, "Darasin kada su yagan mini littafi."

Irin mutumin ke nan. Yanzu ku ji yadda bana ta kasance.

Kafin a koma karatu aka tara mu a gari. Inspekta ya ce bana ba wasa. Kowane dirakta zai aiko da hoto a gurup ɗinmu na waya, hoton yara zaune cikin aji, don a tabbatar wa na sama cewa karatu ya kankama. Ya ce kuma tawaga za ta zagaya, duk lakwal ɗin da aka tarar ba aji ko ba malami za a rufe ta a haɗe yaran da wadda ta fi kusa.

Malam Shaibu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da mi za mu gina? Gero ma bai sauka ba, balle a sami kara."

Aka ce masa wannan aikin al'umma ne, ya je ya wayar musu da kai.

Ya koma ƙauye ya tara iyaye. Suka ce lakwal ta gwamnati ce, gwamnati ta gina abinta.

To ku faɗa mini, tsakanin waɗannan biyun ina malami zai sa kansa?

Ba wai mutanen ƙauyen mugaye ba ne, kada a fahimce ni baibai. Kara yanzu ba abin banza ba ne kamar da. Abincin dabbobi ne. Wanda ya ga saniyarsa ta faɗi da yunwa a bazarar da ta wuce ba zai ɗauki dami ya miƙa don a yi inuwa ba sai ya yi tunani. Kowa ya ce masa insha Allahu, bari a gama girbi. Aka gama girbi, aka ce bari a kai gida. Aka kai gida, aka ce bari a ga abin da ya yi saura.

A gurup kuwa hotuna sai shigowa suke. Kowa ya san dabarar. Wani ya tura na bara. Wani ya ari rumfar masallaci ya zaunar da yara aka ɗauka aka tashi. Ba na zargin kowa, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai shafa wa nasa ruwa zai yi.

Shi kuwa Shaibu, taurin kai kamar me, ya ɗauki hoton filin yadda yake. Dirkoki a tsaye ba bango ba rufi, yara can gefe a gindin dogon yaro. Ya rubuta a ƙasa, "Ga inda muke."

Aka mayar masa da amsa a gaban kowa: ba hoton itace aka tambaye shi ba.

Daga nan ya daina jiran kowa. Da safe ya yi karatu a gindin itace, da yamma ya bi gonaki yana roƙon kara, nan dami ɗaya, can rabi. Wata rana wani makiyayi mai gona can nesa ya ce masa in zai iya kwasa ya zo ya kwasa kafin dabbobi su shiga. Ya ari amalanke ya sallami yara da wuri ya tafi. Kamar da gangan, a ranar konseye, wato mai zagayen duba aikinmu, ya biyo ta ƙauyen a kan babur. Ba aji, ba yara, ba malami.

Kafin Shaibu ya sauke kayan, sunansa ya riga ya fito a gurup. An ce wannan ne gargaɗi na ƙarshe. In aka sake zuwa ba a same shi ba za a rubuta masa abando, wato ya gudu ya bar aiki. Ɗan kwantaragi kuwa in aka rubuta masa haka, shi ke nan, an shafe shi.

Ganina da shi na ƙarshe a nan Tasawa ne, ya shigo kasuwa sayen igiya. Muka zauna wurin mai shayi kusa da tasha. Ya miƙo hannu zai karɓi kofi sai na ga tafinsa duk ya tsage, kamar na mai faskare. Ya rame. Hular nan ta kullum har ta yi masa yawa.

Na ce, "Dogo, ka bar wannan wahala. Ka nemi a canza maka wuri. Ko ka bari su rufe mana, ai ba gonar ubanka ba ce."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon motocin da ke lodi. Sai ya ce, "Lawali, na gaji. Wallahi na gaji har cikin ƙashi. Na sama na ganin raggo ne ni, na ƙasa na ganin mai cin banza ne ni. Rannan wani ya hwaɗa mini a idona, wai mu malamai aikinmu zama inuwa. Ni da ko inuwar ba ni da ita."

Na ce to me ya hana ka tafiya?

Ya ce, "Ka san inda za a haɗe mu? Sai an ƙetare rairayin nan duka. Manyan maza ƙila su je kwana biyu su bari. Ƙanana ba su iyawa. Ɗiya mata kuwa ko guda ba mai barin tashi ta tahi. Na ga yadda aka yi da ƙauyen gabas da mu, yau ko mai karanta lambar waya babu cikin yaransu. In aka rufe tawa, ta rufu ke nan."

Da zai hau kabu-kabu ya rataya igiyar a kafaɗa ya juyo ya ce, "Ɗan birni, in aji ya tashi kai zan fara aiko ma hoto kafin su."

Bai aiko ba.

Sauran labarin daga bakin Barira na ji shi yau.

An sanar da su cewa tawagar za ta iso ƙauyensu ranar Litinin mai zuwa. Karan da ya tara bai kai ba, amma ya ce ko bango biyu da rabin rufi ne zai tayar, in ya so su ga ana kan aiki. Ranar Talata da la'asar ya sa hannu ƙarƙashin wani dami da ya kwana biyu a ƙasa, abin ya sare shi a yatsa. Kububuwa ce. Aka ɗaure, aka yi na gida, aka ba shi abin sha. Hannun ya kumbura amma yana tsaye da ƙafarsa.

Ta ce ta roƙe shi ya tafi likita tun a ranar. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da ƴaƴansa. Ya ce mata, "In na tahi suka kwantar da ni, wani ya biyo bai tarar da ni ba hwa? Ki bari Litinin ta wuce."

Laraba ya yi karatu da hannu a rataye. Alhamis da safe ma ya fita, sai yara suka ga jini a haƙoransa yana magana, ya ce musu asuwaki ne. Da yamma jinin ya ƙi tsayawa. Ya kasa zama a kan babur, cikin dare aka ɗaura amalanke.

Ba su kai ba.

Mutum ya ji tsoron a ce ya gudu daga aiki fiye da yadda ya ji tsoron dafin maciji. Ku karanta wannan layin ku sake karantawa, ku da kuke zaune kuna rubuta gargaɗi da yatsa ɗaya.

Na fasa zuwa lakwal na hau kabu-kabu, na samu jana'iza da ƙyar. Mun kai shi, mun rufe shi. Mutanen ƙauyen sun yi kuka na gaske, ba zan yi musu ƙarya ba. Na ga dattijo mai furfura yana share hawaye da bakin rawani.

Da muka dawo daga maƙabarta sai aka ga masu gaisuwa sun yi yawa, ga rana, ƙofar gidansa ba inuwa. Wani ya ce ai ga dirkokin malam can a filin lakwal a kafe, mi zai hana a rufa a zauna can?

Jama'a, ina tsaye ina kallo.

Ba wanda aka roƙa. Ba a yi taro ba, ba a wayar wa kowa da kai ba. Wannan ya ruga gida ya jawo zana, wancan ya ɗaura jaki ya kawo kara amalanke guda. Samari suka haye sama, dattawa na miƙa musu. Igiyar da ya saya suka kwance suka ɗaure da ita. Kafin a kira sallar Juma'a rumfa ta tashi, bango huɗu da rufi, faɗi guda, har da ƙofa. Tunda nake ganin ajin kara ban taɓa ganin mai kyanta ba.

Abin da ya yi makonni yana bin gida gida yana roƙo.

Na shiga na zauna cikin inuwar tare da kowa, ana ta Allah ya jiƙan malam, mutumin kirki ne. Ni kuwa na kasa cewa amin da ƙarfi.

Da na shiga yi wa Barira gaisuwa, tana zaune cikin mata, ƙaramin ɗansu na barci a cinyarta. Daga inda take ana hango rufin rumfar ta saman danga. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Lawali, ashe suna iyawa."

Na yi mata gaisuwa na tashi.

Na fito na ja maigari gefe. Na ce, "Baba, rumfar nan hwa, bayan an tashi zaman makoki?"

Ya ce, "Lahadi in an yi addu'ar uku kowa ya kwashi nashi. Aro ne, malam."

Na ce, "Baba, don girman Allah a bar ta. Litinin za a zo dubawa. In ba a ga aji ba rufe lakwal za a yi, abin da ya mutu a kai ke nan."

Dattijo ne mai kunya, na ga maganar ta shige shi. Ya ce, "Mun yi sake, ba mu san abin ya kai nan ba. Ni zan yi musu magana, a bar ta. Amma ɗana, rumfa tana karatu da kanta? Wa za ya shiga ciki?"

Na koma bayan rumfar na kira konseye. Ya yi ta'aziyya, kuma na ji a muryarsa cewa abin ya taɓa shi. Na ce masa aji ya samu, a taimaka a turo malami, ko a ɗaga zuwan tawagar. Ya ce ba shi ke tsara tafiyar ba, shi ma daga sama ake tambayarsa. Ya ce malami kuwa babu ko ɗaya a ƙasa, duk wanda aka tura irin wannan wuri sai ya kawo takardar rashin lafiya. Ya ce a rubuto, zai miƙa.

Na ce in suka zo Litinin suka ga aji da yara ba malami fa?

Ya ce, "Ka san doka, Lawali." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma na san halinka. Kada ka bar ajinka."

Ina kashe wayar na buɗe gurup. Saƙonnin ta'aziyya sun cika shi, kowa da nasa, har da hoton Shaibu an sa masa addu'a a ƙasa. Na ja sama kaɗan. Saƙon da ke bisa na farkonsu na jiya ne, ana tambayar sunansa, ana cewa har yanzu hotonsa ake jira.

Ko gogewa ba a yi ba.

Ina so in yi magana da ku masu zuwa ƙarƙashin kowane rubutu kuna cewa malaman yanzu sun lalace, ba su san komai ba sai yajin aiki, su suka kashe karatu. Akwai lalatattu cikinmu, ban musa ba, kowace sana'a tana da su. Amma kun taɓa tambayar a ina ɗanku yake zama idan ya je lakwal? Kun taɓa leƙawa? Kuna son yaro ya iya karatu da lissafi da ladabi, ku ɗauke shi ranar kasuwa, ku ɗauke shi lokacin girbi, ku tura shi kiwo, in ya faɗi jarrabawa ku ce malam ne. Yaron da ya zo da yunwa mu za mu san yadda za mu yi da shi. Wanda ya zo da zazzaɓi mu za mu goya shi gida. Yanzu har aji sai mun gina da hannunmu, kuma in maciji ya sare mu a ce ƙaddara.

Ƙaddara ce, na yi imani da haka. Kwanansa ne ya ƙare. Amma Allah zai tambayi kowa abin da ya yi da abin da ya ƙi yi.

Ku kuma na sama, hoto kuke so. Mun gane. Ba ku tambaya ko akwai alli, ko yara sun ci abinci, ko malamin na da lafiya. In dai hoto ya yi kyau, karatu ya kankama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ku kun hana mai ɗakin ma ya buɗe baki.

Na gaji. Wallahi mun gaji. Abokan da muka fito tare, wasu sun tafi haƙar zinariya, wasu sun koma kabu-kabu, wasu suna nan a aji amma zuciyarsu ta daɗe da fita. Shaibu ne nake kira idan na ji zan ajiye alli, ya zage ni, ya ba ni dariya, in kwana in tashi in koma. Yanzu wa zan kira?

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar maigari. Wa za ya shiga ciki?

Na faɗa wa matata abin da na yanke tun kafin in cire takalmi. Ta ce, "Kai ma so kake a shafe ka? Mu kuma mu ci mi?" Gaskiyarta ce. Ina da ƴaƴa, ina da dangin da ke kallon hannuna, kuma ni ma ɗan kwantaragi ne da ake iya gogewa da layi ɗaya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Amma ga shi na rubuta a fili don kada a ce na yi a ɓoye. Ranar Litinin ba za a same ni a ajina na Tasawa ba. Abokiyar aikina ta aji na kusa ta ce za ta haɗa yarana da nata, Allah ya saka mata. Ni ina can cikin rumfar nan da alli a hannu, yaran Shaibu a gabana. Tawaga ta zo ta ga aji, ta ga yara, ta ga malami. In abando za a rubuta mini, an san inda nake, a zo a rubuta a gabana.

Ban sani ba ko hakan zai hana su rufewa. Ƙila su ce ni ba na wurin ba ne, su rufe, su haɗa da ni. Ƙila in yi asarar aikina a banza. Amma ba zan iya zama cikin siminti ranar nan ina koyar da lissafi ba, alhali ana can ana kwance igiyarsa.

Idan akwai wanda ke karanta wannan da ke da iko, ko ya san mai iko, don Allah ba don ni ba, a tura wa ƙauyen nan malami. Aji ya samu. An biya shi da tsada.

Ya Allah, ga bawanka Shaibu ya zo gare ka da hannu a kumbure. Ka san abin da ya kai hannun nan ƙarƙashin damin. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Ka ba shi inuwar da ba gara, ba jaki, ba mai zuwa ya ce ya aiko da hoto. Duk harafin da wani yaro ya iya ta dalilinsa ka sa masa a mizani. Ka ba Barira haƙuri, ka raya abin da ya bari, kada ka bar su su tagayyara.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka sa shi cikin addu'arka in ka yi sujada.

Ku kuma roƙa wa yaran nan Allah ya kawo wanda zai tsaya gabansu ranar Talata, don ni Litinin kaɗai gare ni.